Yanƙwanannen zaitun na mai ko na ruwan gishiri: wanne ya dace da tukunyarku?

Duk wanda ya taɓa tsinko ɗanyen zaitun daga bishiya ya jefa a baki ba ya marmarin sakewa. Ɗacinsa kamar maɗaci, kuma yana barin bauri a harshe na tsawon lokaci. Wani sinadari ne a cikin ƙwayar, mai suna oliyuropin, yake jawo haka, kuma kafin zaitun ya zama abin ci dole a san yadda aka yi aka rage shi. Wasu da busasshen gishiri suke yi, wasu da ruwan gishiri, wasu da soda irin ta yin sabulu. Hanyar da aka bi ita take yanke yadda zaitun zai kasance a baki, da kuɗin da zai ci, da kwanakin da zai yi bayan an buɗe shi, har da irin girkin da zai shiga ya gyara da wanda zai shiga ya ɓata.

Shi ya sa tambayar "baƙi zan saya ko kore?" ba ta kai mutum ko'ina. Kore da baƙi 'ya'yan bishiya ɗaya ne. A ƙasashen Bahar Rum ana tsinkar kore tun wajen Satumba da Oktoba kafin ya nuna, baƙi kuwa sai an bar shi ya nuna, daga Nuwamba har zuwa Janairu. Akwai ma baƙin da ba nuna ce ta baƙanta shi ba, zan zo kansa. Tambayar da ta fi amfani ita ce yadda aka sarrafa shi.

Na rubuta wannan ne saboda wanda ya tsaya gaban kanta yana kallon baƙin zaitun ɗin nan mai tamoji, mai sheƙin mai, yana shawarar ko ya ɗauka ko ya koma wa na kwalba da ya saba. Ni ina cikin masu son sa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma na ga mutane da dama sun saya sau ɗaya sun ce ba su ƙarawa, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: sun zauna suna cin sa kamar gyaɗa, alhali shi kayan ɗanɗano ne, wurinsa yana kusa da gishiri da tafarnuwa.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne ƙarfinsa a girki: ƙwaya nawa za a sa kafin a ji shi, kuma yana jure wuta ko narkewa yake. Na biyu gishiri, wanda a wurina shi ne babba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato wajen miligiram 2,000 na sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kuma zaitun yana iya cinye babban kaso na wannan ba a ankara ba.

Na uku farashi, kuma nan ake yawan ruɗuwa. Kwalbar zaitun na ruwan gishiri tana ɗauke da nauyi biyu a jikinta: nauyin duk abin da ke ciki, da nauyin zaitun bayan an tsiyaye ruwa. Za ku iya ganin kwalba mai giram 350 amma zaitun ɗin cikinta giram 200 ne kacal, saura ruwa. Da nauyi na biyu ake lissafi. Sannan a tuna da ƙwallo, shi ma ana biyan kuɗinsa amma ba a cin sa. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai ga na mai ya fi kowa tsada nesa ba kusa ba, alhali ratar ba ta kai yadda take a ido ba.

Sai daɗewa, musamman bayan an buɗe. Sai sauƙin aiki, wato ko za a zuba kai tsaye ko sai an cire ƙwallo an jiƙa. Na ƙarshe haɗari: haƙori, hawan jini, da lalacewar da ba kullum ido yake ganin ta ba.

Yanƙwanannen zaitun, wanda ake kira na mai

Sunan nan yana da yaudara. A jikin leda ko kwalba za a rubuta cewa a cikin mai aka sarrafa shi, sai mutum ya zaci jiƙa shi aka yi a man zaitun har ya yi daɗi. Ba haka ba ne. Gishiri ne yake yin aikin. Ana ɗaukar zaitun da ya nuna sarai, a jera shi hawa-hawa da busasshen gishiri a kwando ko buhu ko ganga mai huji, a riƙa juyawa har tsawon makonni, galibi wata guda ko fiye. Gishirin yana zuƙe ruwan jikinsa, ɗacin yana bin ruwan ya fita, ƙwayar tana yanƙwanewa. Bayan nan ne ake karkaɗe gishirin, a shafe shi da mai don ya yi laushi kada ya ci gaba da bushewa. Man ado ne da kariya, a ƙarshen aiki yake zuwa.

Idan kuna son ku gane bambancinsa da sauran, ku tuna da inabi da zabibi. Abu ɗaya ne, amma wanda ruwa ya fita daga jikinsa komai nasa ya taru wuri guda. Haka wannan zaitun yake: naman ya yi tauri kaɗan, yana taunuwa, ga maiƙo, ga gishiri, ga ɗan ɗacin da ya rage, can ƙarshe kuma wani zaƙi-zaƙi mai kama da na busasshen 'ya'yan itace. Babu tsami a cikinsa, domin bai zauna a ruwa ya tsimu ba. Wannan rashin tsamin shi ne ya raba shi da waɗanda ake tsimawa a ruwan gishiri.

Wanda ya fi yawo a kasuwannin duniya shi ne na Maroko, ana sayar da shi da sunan Beldi. A Turkiyya akwai wanda suke kira sele, sunan da ya samo asali daga kwandon da ake gishirta shi a ciki, kuma da zaitun na yankin Gemlik kusa da Bursa aka fi yin sa, ana cin sa a karin kumallo. Girka tana da Throumba na tsibirin Tasos. A kudancin Faransa akwai baƙin zaitun na Nyons, wanda tun 1994 doka ta kare sunansa, shi ma mai tamoji ne kuma ya fi su tsada. A bakina na Maroko ya fi ƙarfin gishiri da ɗaci, na Turkiyya da na Girka sun fi sanyin hali. Mai farawa ya fara da sele in ya samu.

Ta fuskar kuɗi, kilo da kilo yakan fi na gwangwani da koren kwalba tsada, yana kusa da Kalamata, baƙin zaitun na ruwan gishiri da zan zo kansa. Amma babu ruwa a cikin abin da kuka biya, kuma ƙwaya takwas ko goma sun isa tukunyar mutum huɗu, inda na gwangwani sai an juye rabin gwangwani ba a ma ji shi ba. Idan aka yi lissafin kowane girki, ba na ganin sa a matsayin mai tsada.

Wajen saye, ku duba fata. Mai kyau yana da tamoji amma da nama a jikinsa, yana sheƙi, idan aka matsa yana lotsawa. Wanda ya ƙandare kamar tsakuwa, ko gishiri ya fito ya yi fari a jikinsa sosai, ya tsufa a kanta. Idan a buɗe ake aunawa, ku nemi ku ɗanɗana ƙwaya ɗaya, ku kuma shinshina. Ƙamshin 'ya'yan itace da ɗan ƙamshin ƙasa ake nema. Warin tsohon mai, irin wanda yake kama maƙogwaro, alama ce cewa man da aka shafa ya lalace, kuma babu wankin da zai gyara shi. Ku karanta jerin abin da ke ciki: zaitun, gishiri, mai, shi ke nan ya wadatar. Wasu kamfanoni da man sunfulawa ko wani mai araha suke shafawa maimakon man zaitun. Ba laifi ba ne ga lafiya, amma bai kamata a biya kuɗin man zaitun a kansa ba.

Mai ƙwallo ko wanda aka cire wa? Ni mai ƙwallo nake saye. Wanda inji ya huda yakan yi saurin bushewa, gishiri ya ratsa shi ciki da waje, naman ya zama kamar fata. Cire ƙwallon wannan zaitun kuma ba wahala: a ɗora shi a katako, a danna da faɗin wuƙa, naman ya tsage, a zare ƙwallon da yatsa. Ƙwaya goma ba su cin minti biyu. Wanda aka riga aka cakuɗa da ganyen ƙamshi da barkono kuwa, ina barin sa a kanta, domin kayan ƙamshi suna iya rufe warin tsufa, kuma haɗa naku a gida ya fi.

Yanzu ga inda ake yin kuskure. Karon farko da na sa shi a miyar tumatir, gishirina na zuba yadda na saba tun daga farko, na zuba zaitun mai yawa, na bar su suna dahuwa tare kusan awa guda. Miyar ta yi baƙi, gishiri ya yi mata yawa, ɗaci ya fito fili. Daga nan na riƙe ƙa'ida uku. Kada a sa gishiri sai bayan zaitun ya shiga an ɗanɗana. A sa shi a minti goma ko sha biyar na ƙarshe, domin doguwar dahuwa tana fitar da ɗacinsa cikin romo. Sannan a yayyanka shi ƙanana, yadda kowace loma za ta samu ɗan kaɗan, maimakon mutum ɗaya ya ci karo da ƙwaya guda cur. Idan wanda kuka saya gishirinsa ya wuce misali, ku jiƙa a ruwan ɗumi na minti ashirin ko talatin, ku tsane, ku shafa masa ɗan man zaitun. Iya wanda za a yi aiki da shi a ranar ake jiƙawa, domin gishirin da aka cire shi ne yake tsare shi daga lalacewa.

Da zarar an kiyaye wannan, ƙofofi da yawa suna buɗewa. Yana son abu mai zaƙi da abu mai lami. A Maroko da tsibirin Sisili na Italiya ana haɗa shi da yankakken lemun zaƙi da albasa da man zaitun, kuma ban san wani salak mai kayan haɗi kaɗan da ya kai wannan daɗi ba: zaƙin lemun yana kwantar da gishirin, ɗacin zaitun yana hana lemun gundura. Yana tafiya da gasasshen dankalin turawa, da farin wake, da dafaffen ƙwai, da albasar da aka soya a hankali har ta yi ja. A cikin ƙullin burodi ya fi kowane zaitun, tunda ba ya sakin ruwa ya jiƙa ƙullin. A taliya, tafarnuwa da ɗan barkono da man zaitun da ƙwaya goma da aka daddatsa sun isa abincin dare. Ana kuma niƙa shi ya zama abin shafawa a burodi, irin wanda mutanen kudancin Faransa suke kira tapenad, wanda ake danganta farkonsa da birnin Marseille a 1880. Sai dai idan da na mai kaɗai aka yi yakan yi ƙarfi da yawa, gara a raba shi biyu da wani mai sanyi.

Inda ba ya yi: girkin da ake son romonsa ya fito fari ko ja tas, domin yana rina abinci. Haka nan duk inda aka riga aka tara masu gishiri, kamar cuku mai gishiri ko kifin gwangwani, sai an yi taka-tsantsan.

Wajen ajiya yana da haƙuri. Ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa, gishiri ya yi yawa, don haka ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin zama da sauƙi. Bayan an buɗe, a juye a kwalba mai murfi, a ɗiga mai a girgiza, a sa a firiji. Yana kai wata biyu lafiya. Man zai daskare ya yi fari-fari, wannan ba lalacewa ba ce, minti ashirin a waje yake narkewa. Yana kuma jure daskarewa a firiza fiye da na ruwa, waɗanda suke yin laɓo-laɓo idan sun narke. Maƙiyansa biyu ne: fumfuna idan danshi ya shiga, da lalacewar mai idan zafi da haske sun yi yawa. Wanda ya yi fumfuna mai gashi-gashi a zubar. Wani abu kuma da nake so a riƙe da muhimmanci: idan kun haɗa shi da ɗanyar tafarnuwa a cikin mai, kada ya kwana a waje. Tafarnuwa a cikin mai wuri ne da ƙwayar cutar botulizim, mai jawo muguwar gubar abinci, take iya hayayyafa ba wari ba alama. A firiji ake ajiyewa, a cinye cikin kwana huɗu.

Baƙi na ruwan gishiri, irin su Kalamata

Wannan shi ne babban abokin takararsa. Shi ma nunanne ake tsinka, amma a ruwan gishiri ake barin sa watanni ya tsimu a hankali, sau da yawa a ƙara masa ruwan khal. Kalamata ya ɗauki sunansa daga birnin da ke kudancin Girka, dogo ne mai tsini, launinsa tsakanin baƙi da shunayya. Gaeta na Italiya ɗan'uwansa ne, ya fi shi ƙanƙanta.

Abin da yake kawowa tukunya shi ne tsami da ruwa-ruwa, abin da na mai ba shi da shi. Shi ya sa ya fi dacewa da salak na tumatir da kokwamba da cuku, da kifi, da duk girkin da maiƙo ya yi wa yawa ake neman abin da zai farkar da shi. Yana jure wuta daidai gwargwado, kuma ba ya rina romo kamar na mai. Mutumin da bai saba da zaitun ba ya fi saurin karɓar sa, kuma ana iya ajiye shi a faranti a ci haka nan.

Farashinsa yana sama, musamman in aka cire nauyin ruwa. Gishirinsa ma ba kaɗan ba ne, amma ɗauraya ɗaya tana rage na samansa. Ana samun sa a cire da ƙwallo cikin sauƙi, kuma cirewar ba ta cutar da shi kamar yadda take cutar da na mai, ko da yake yakan ɗan yi laushi. Sharaɗin ajiyarsa ɗaya ne: ya kasance a nutse cikin ruwansa a firiji, kuma da cokali mai tsabta ake ɗiba, ba da yatsa ba. Wanda ya leƙo saman ruwa shi yake fara lalacewa. Kada a zubar da ruwan tun ranar farko, kuskuren da mutane da yawa suke yi. Ga wanda yake kula da irin ruwan khal ɗin da ake sa wa abincinsa, a jikin kwalbar ake rubutawa, kuma Kalamata da yawa da na inabi ake yi.

Kore irin na Sifaniya

Manzanilla da Gordal na yankin Sebiliya a Sifaniya su ne sanannu. Ɗanye ake tsinka, a jiƙa a ruwan soda na wasu awoyi don a kashe ɗacin da sauri, a wanke sosai, sannan a bar shi ya tsimu a ruwan gishiri. Kada kalmar soda ta tsorata kowa, wankewa da tsimuwa suna kawar da ita. Sakamakon shi ne zaitun mai tauri, mai ƙaras-ƙaras, mai tsami da gishiri a fili.

Ƙarfinsa shi ne doguwar dahuwa. Idan kaza ce za ta yi awa guda a wuta da albasa da lemun tsami, kamar yadda ake yi a sanannen girkin kaza na Maroko, kore ko mai ja-ja ake sawa, domin yana fitowa da siffarsa. A nan ya fi na mai, ba gardama. Yana da araha, ana samun sa ko'ina, a cire da ƙwallo ko a cusa masa jan tattasai. Amma gishirinsa ya fi yadda baki yake ji, domin tsami yana ɓoye shi: alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna sama da miligiram 1,500 na sodiyam a kowane giram 100. Tunda ana cin sa da yawa a zama ɗaya, mai cin kore yana iya shan gishirin da ya fi na wanda ya yanka ƙwaya uku na mai a abincinsa.

Akwai wani kore na Sisili mai suna Castelvetrano, wanda ba a barin sa ya tsimu, don haka ba shi da tsami, sai gardi da laushi. Na ci ne, ba na girki ba, kuma ba ya daɗewa bayan an buɗe.

Baƙi na gwangwani

Wannan shi ne baƙin da na ce ba nuna ce ta baƙanta shi ba. Kore ake tsinka, a yi ta jiƙa shi a soda ana hura masa iska har ya yi baƙi, sannan a sa wani sinadarin ƙarfe ya riƙe launin. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara wannan salo, yanzu Sifaniya da Masar da wasu ƙasashe suna yi. Gane shi ba wuya: baƙi ƙirin, sumul, kowace ƙwaya kamar 'yar'uwarta, kuma a jerin kayan haɗi za ku ga E579 ko E585. Ana samun irinsa a kwalba ma, don haka lambar ita ce shaida, ba mazubin ba.

Ya fi kowa araha da sauƙi, ga shi a yanke. Gishirinsa ya fi ƙanƙanta, wajen miligiram 735 na sodiyam a giram 100 bisa alƙaluman da na ambata. Yara suna son sa. Amma ɗanɗanonsa kaɗan ne ƙwarai, ado yake yi fiye da aiki, kuma ba zai taɓa maye gurbin na mai a girki ba.

Tunda ba shi da tsami kuma gishirinsa kaɗan ne, zafin da aka dafa gwangwanin da shi ne kaɗai yake tsare shi. An koyi wannan darasi da tsada: a 1919 gubar botulizim daga irin wannan zaitun ta kashe mutane a jihohin Ohio da Michigan na Amurka, abin da ya sa aka tsananta dokar dafa abincin gwangwani da zafi mai yawa. Yau ba abin tsoro ba ne, amma gwangwanin da ya kumbura ko yake yoyo ba a ko ɗanɗana shi. Bayan an buɗe, a juye a wani mazubi, a sa a firiji, a gama da shi cikin mako guda ko kwana goma.

| Iri | Ɗanɗano | Gishiri | Farashi | Bayan an buɗe | Aiki | Abin kula |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Yanƙwananne na mai | Mai ƙarfi, ɗan ɗaci, ba tsami | Mai yawa sosai | Sama, amma kaɗan ake sawa | Wajen wata 2 a firiji | Cire ƙwallo, wani lokaci jiƙawa | Gishiri, ƙwallo, lalacewar mai |
| Kalamata da danginsa | Tsami, ruwa-ruwa | Mai yawa | Sama | Makonni, in yana nutse | Kaɗan | Wanda ya leƙo saman ruwa |
| Kore na Sifaniya | Tsami, tauri | Mai yawa, a ɓoye | Ƙasa zuwa tsakiya | Makonni, in yana nutse | Kusan babu | Cin da yawa a zama ɗaya |
| Baƙi na gwangwani | Lami | Mafi ƙanƙanta | Ƙasa | Kwana 7 zuwa 10 | Babu | Kumburarren gwangwani |

Haɗari ɗaya ya haɗa su duka: ko an rubuta an cire ƙwallo, inji yana tsallake wata ƙwaya ko ya bar ɓarɓashi. Kafin a niƙa ko a ba wani, a latsa kowace ƙwaya da yatsa. Ƙananan yara kuwa ba a ba su zaitun mai ƙwallo, ko wanda ba a yanka ba, saboda shaƙewa.

Wa ya kamata ya sayi wanne

Idan kuna girki kullum kuma abin da kuke nema shi ne wani abu a firiji da zai tayar da taliya, ƙwai, dankali ko wake a ranar da babu nama, ku sayi yanƙwananne na mai, mai ƙwallo, giram 150 ko 200 kawai a karon farko. Haka ma mai gasa burodi, da wanda yake zaune shi kaɗai yake jin takaicin zubar da rabin kwalba duk wata. Wannan ne zai jira ku.

Idan salak da kifi ne suka fi yawa a teburinku, ko kuna son zaitun ɗaya tak da zai yi girki ya kuma yi ci haka nan, Kalamata ya fi muku. Mai yawan dafa kaza ko nama a romo na tsawon lokaci ya ɗauki kore. Mai ciyar da taro ko yara, ko mai neman abin yaryaɗawa a saman abinci don kyan gani, na gwangwani ya ishe shi, kuma babu dalilin kashe kuɗi fiye da haka.

Mai hawan jini ko ciwon ƙoda da likita ya taƙaita wa gishiri yana da hanya biyu. Ko dai na gwangwani da aka ɗauraye, ko kuma, in likitansa ya yarda, ƙwaya biyu ko uku na mai da aka jiƙa aka daddatsa cikin abincin da ba a sa wa gishiri ko kaɗan ba. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne ya ajiye kwanon kore a gabansa yana ɗauka yana hira.

Wanda kuma ya taɓa sayen na mai ya ji ya yi masa ƙarfi, in har sauran yana nan a firiji bai lalace ba, ya ciro ƙwaya shida, ya jiƙa a ruwan ɗumi na rabin awa, ya cire ƙwallon ya yayyanka. Ya ɓare lemun zaƙi biyu ya yanka su faifai-faifai, ya watsa zaitun ɗin a kai da ɗan siririn yankan albasa da cokali ɗaya na man zaitun, kada ya sa gishiri, ya bar shi minti goma kafin ya ci.